Jadawalin Ɗan Shekara Biyu: Mu Rataye Shi A Kan Lokutan Salla

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya 'ya'ya amana a hannun iyaye, kuma zai tambaye su yadda suka riƙe ta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwana masu karatu, tsakanin ranar da aka yaye yaro da ranar da aka riƙe hannunsa aka kai shi gaban malam akwai shekara biyu ko uku waɗanda yawancinmu ba mu yi musu wani tanadi. Da na dubi gidajenmu sai na ga mun kasu gida biyu. Kashi na farko su ne masu cewa ai yaro ne, bai san komai ba, a bar shi ya yi ta gararamba a tsakar gida, in ya yi rigima a miƙa masa waya ya yi shiru. Kashi na biyu kuwa su ne masu gaggawa, waɗanda yaro yana cika shekara biyu za a ɗinka masa yunifom, a rataya masa jakar da ta kusa rinjayarsa, a damƙa masa fensir, har a riƙa ba shi aikin gida kamar mai shirin jarrabawa.

Ra'ayina shi ne, yaron da ke wannan mataki yana bukatar a tsara masa yininsa, amma tsarin ya zama na gida, kada a kwaikwayo jadawalin makaranta. Kuma gidan Musulmi yana da turakun da za a ɗaure wannan tsari a kansu tun asali, wato lokutan salloli biyar.

Yadda ƙaramin yaro yake koyo

Kafin a tsara wa mutum aiki, wajibi ne a san irin ƙarfinsa. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun bayyana cewa a shekarun farko na rayuwa ƙwaƙwalwar yaro tana ƙulla sababbin hanyoyin sadarwa fiye da miliyan 1 a kowace daƙiƙa. Abin da ya fi ƙarfafa waɗannan hanyoyi shi ne musayar da ke gudana tsakanin yaro da babban da ke kula da shi: yaro ya yi gwaranci a amsa masa, ya nuna akuya a ce masa ga akuya nan tana cin dusa, ya miƙo cokali a karɓa a yi masa godiya. Wannan amsawa ita ce darasin. Ɗan shekara biyu yana koyo da hannunsa da bakinsa da ƙafafunsa, kuma da wuya hankalinsa ya tsaya a kan abu ɗaya fiye da 'yan mintoci.

Wani bincike da aka fara a birnin Kingston na ƙasar Jamaika a shekarun 1986 da 1987 ya nuna girman wannan al'amari. Farfesa Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 daga gidajen talakawa, waɗanda ƙarancin abinci ya tsumburar da su. Aka raba su rukuni-rukuni. Wasu daga cikinsu ma'aikaciyar lafiya kan ziyarci gidansu sau ɗaya a mako har tsawon shekara biyu, tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan kimanin shekara 20 aka sake bibiyar yaran, aka buga sakamakon a mujallar Science a 2014, kuma cikin marubutan har da James Heckman, wanda ya sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2000. Waɗanda aka yi wa wannan ziyara, abin da suke samu a wajen aiki ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa ba da kashi 25 cikin 100. Ku lura da kyau: babu aji, babu kuɗin makaranta. Uwa ce kawai aka nuna wa yadda za ta yi amfani da abin da ke hannunta.

Abin da muka gada daga Sunna

Idan muka koma ga rayuwar Manzon Allah (SAW), za mu ga yadda ya yi mu'amala da yaran da ke wannan shekaru. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ƙatada (RA) cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya sake ɗaukarta. Sun ruwaito daga Anas (RA) cewa yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, saboda tausayin halin da uwar za ta shiga. Anas ɗin dai ya ba da labarin ƙanensa Abu Umair, wanda ya ce yana zaton a lokacin an yaye shi, yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) idan ya zo gidan yakan kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi labarin tsuntsun. Shugaban al'umma ke nan yake tsayawa ya yi hira da ɗan yaye a kan abin wasansa.

Umar ɗan Abu Salama (RA) kuwa, yana yaro a ƙarƙashin kulawar Manzon Allah (SAW), hannunsa yana yawo a cikin akushi, sai aka koya masa ambaton sunan Allah, da ci da dama, da cin abin da ke gabansa. A kan abinci aka yi darasin, a daidai lokacin da bukatarsa ta taso, cikin kalmomi kaɗan, kuma ya ce haka cin abincinsa ya ci gaba da kasancewa tun daga ranar.

Sannan mu tuna cewa salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, sai yaro ya kai shekara bakwai aka ce a umarce shi da ita, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito. To, idan Shari'a ta jinkirta umarni da salla har zuwa shekara bakwai, da wace hujja za mu tsare ɗan shekara biyu da tsawa a kan rubuta baƙaƙe?

Yadda nake ganin a tsara yinin

Abin da ya sa na zaɓi lokutan salla shi ne, ƙaramin yaro bai san agogo ba, amma ya san jeri. Ya san cewa bayan kaza sai kaza. Idan kullum bayan kiran sallar azahar ana cin abinci, bayan abinci a kwanta, to jikinsa da zuciyarsa za su saba, rigima ta ragu. Haka kuma ita uwa ba ta bukatar takarda a bango domin ta tuna, ladan zai tuna mata sau biyar a yini.

Daga asuba zuwa hantsi lokaci ne na gaisuwa da tsafta. Idan ya farka a yi masa sallama, a karanta addu'ar tashi daga barci yana ji, ko da ba zai iya maimaitawa ba. A kai shi ya gaida mahaifinsa da kakarsa da sauran manyan gida. Wajen wanka a riƙa ambaton sunayen gaɓoɓinsa: ga kunne, ga hanci, ga gwiwa, kawo hannun dama. Wajen shan koko ko kunu a ce bismillah tare, a bar shi ya riƙe cokalinsa da kansa ko da zai ɓata riga, domin riƙon cokalin yau shi ne ke shirya yatsunsa ga riƙon alƙalami gobe.

Da hantsi, bayan ya ƙoshi kuma bai gaji ba, a nan ne za a sa ɗan zama na musamman, minti 10 zuwa 15, da aiki guda ɗaya tak. A shimfiɗa tabarma, a ajiye waya a nesa, a zauna daidai tsayinsa. Domin kada uwa ta riƙa tunanin abin da za a yi kowace safiya, ana iya raba ayyukan bisa ranakun mako. Ranar Asabar a ware kaya bisa launi: murafan robobi ja a wannan kwano, shuɗi a wancan. Lahadi a yi ƙirga da abin da ake taɓawa, kamar lemo uku ko cokula huɗu, ana ɗaga kowane ana faɗin lambarsa. Litinin a jera gwangwanaye ko kofuna babba a ƙasa ƙarami a sama, ya rushe a sake ginawa. Talata a buɗe littafi mai hotuna, ko ma tsohuwar kalanda, a riƙa tambayarsa me ke nan. Laraba a ba shi gawayi ko alli ya yi zane yadda ya ga dama a kan allo ko kwali. Alhamis a yi wasan ɓoye abu a ƙarƙashin ƙwarya ya nemo. Juma'a kuwa a bar ta ga wanka da kwalliya da ziyarar dangi, wanda shi ma babban darasi ne na sanin suna da matsayin kowa: wannan Gwaggo ce, wancan Kawu ne. Idan ya tashi ya bar aikin bayan minti uku, a ƙyale shi. Idan ya nemi a maimaita abu guda sau goma, a maimaita, domin ta haka yake tabbatar da abin da ya gane.

Daga walaha zuwa azahar uwa tana cikin aikinta, kuma aikin nata shi ne ajin. Idan tana wanki a ba shi ɗan tsumma ya cuɗa, idan tana shara a ba shi guntuwar tsintsiya, idan tana tankaɗe ya riƙe gefen rariya. Ta riƙa faɗa masa abin da take yi da cikakkiyar Hausa: yanzu zan yanka albasa, ga tumatir ya nuna, wannan ruwan da sanyi. Idan ya gaji da wannan a bar shi da tuwon ƙasarsa a inuwa. A nan dole in ja kunne: kada a bar shi shi kaɗai kusa da bokiti ko baho mai ruwa ko da na ɗan lokaci ne, a nisanta shi da murhu da tukunyar da ke kan wuta, kuma duk abin da ya kai ƙanƙantar gyaɗa ko wake ko tsakuwa kada a sa shi cikin kayan wasansa, domin yana iya shaƙe shi ko ya cusa a hanci.

Da azahar ya ga ana alwala, a ba shi 'yar buta ya kwaikwaya. A shimfiɗa masa ɗan ƙyalle kusa da darduma. Zai yi ruku'u ya faɗi, zai hau baya a lokacin sujada, zai gudu ya dawo. Kada a kore shi kuma kada a tilasta shi. Abin da ake nema a wannan shekaru shi ne ya taso yana jin cewa wurin salla wuri ne na aminci. Bayan abinci sai ƙailula. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, har da na rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuwa awa 10 zuwa 13. Yaron da bai sami isasshen barci ba, babu abin da za a koya masa ya zauna.

Bayan la'asar, da rana ta yi sanyi, lokacin motsa jiki ne. Waɗancan ƙa'idoji sun ce yaro ya sami aƙalla minti 180 na motsi iri-iri a warwatse cikin yini, kuma kada a tsare shi wuri guda, ko a goye ne, fiye da awa ɗaya a jere. A bar shi ya yi gudu da tsalle, ya bi ƙwallo, ya kori kaji, ya yi wasan ɓuya da yayyensa. A fita da shi ƙofar gida ya ga bishiya da tsuntsu da gajimare, a ce masa Allah ne Ya halicce su. Tauhidin ɗan shekara biyu bai wuce haka ba, kuma ya wadatar.

Da magariba a shigo da shi, domin ya tabbata a hadisin Jabir (RA) cewa an yi umarni da a tsare yara daga fita a farkon shigar dare. Tsakanin magariba da isha'i shi ne rabon Alƙur'ani. Uba ya ɗora shi a cinya ya karanta Fatiha da gajerun surori da murya mai daɗi, sura ɗaya ana maimaita ta mako guda ko fiye. Ba a ce ya biya ba. Wata rana za a ji shi yana ƙarasa ƙarshen aya da kansa yana cikin wasa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi nasiha a littafinsa Tuhfatul Maududi cewa idan yara suka fara magana, a fara laƙƙana musu kalmar shahada, ta zama cikin farkon abin da ke shiga kunnensu.

Bayan isha'i sai tatsuniya guda gajeriya, ta Gizo da Ƙoƙi ko wata ƙissa mai sauƙi, sannan a karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a shafa masa, a kwantar da shi a lokaci guda kowane dare.

Amsa ga masu ja

Na san akwai mai cewa: ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma Imamu Shafi'i ya haddace Alƙur'ani yana yaro. Gaskiya ne, amma abin da aka ruwaito shi ne ya haddace yana ɗan shekara bakwai, kuma tsakanin biyu da bakwai akwai tazara mai yawa a rayuwar yaro. Shi kansa ɗanyen iccen, a hankali ake lanƙwasa shi, wanda ya fizge shi da ƙarfi karya shi zai yi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a cikin Ihya'u cewa hana yaro wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe zuciyarsa, ya dushe basirarsa, har ya shiga neman dabarar kuɓuta daga karatun gaba ɗaya. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware fasali guda a Muƙaddima a kan cewa tsanani yana cutar da masu koyo, musamman ƙanana, yana koya musu ƙarya da yaudara saboda tsoron duka. Waɗannan malamai suna magana ne a kan yaran da suka riga suka shiga makaranta. Ina ga wanda bai daɗe da barin nono ba?

Akwai kuma mai cewa: ai a wayar ma karatun Alƙur'ani da haruffa nake kunna masa. Ƙa'idojin 2019 da na ambata sun ce ɗan shekara 1 kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin sam, ɗan shekara 2 kuwa kada ya wuce awa ɗaya a yini, kuma ƙasa da haka ya fi. Dalili a bayyane yake: waya tana magana amma ba ta amsawa. Ba ta san ya nuna abu ba, ba ta san ya yi tambaya ba. Idan ana son ya ji ƙira'a, a kunna sautin a ajiye wayar inda ba ya ganinta, ya ji yana wasansa.

Wata kuma za ta ce: ni ina na ga lokaci, ga girki ga wanki ga sana'a? Wannan uzuri ne mai nauyi, kuma shi ya sa a duk tsarin nan zama na musamman bai wuce minti 15 ba, sauran duk a cikin aikin da dama za a yi ne. Amma a nan zan juya ga 'yan uwana maza. Ya kai uba, kiwon da za a tambaye ka a kansa bai tsaya ga cefane ba. Rabin awa tsakanin magariba da isha'i ba ta fi ƙarfinka ba, sai dai in majalisa ta fi ɗanka daraja a wurinka. Haka nan kaka da yayye da sauran mutanen gida, kowa a ba shi rabonsa. Gidanmu na gargajiya mai yawan jama'a ni'ima ce ga yaron da ke koyon magana, in dai an san ana yi.

Game da masu hana yaro jin Hausa a gida domin wai ya iya Turanci da wuri, shawarata ita ce kowa ya yi wa ɗansa magana da harshen da ya fi iyawa. Uwar da ke zuba wa ɗanta Hausa mai yalwa, da karin magana da tatsuniya, ta fi amfanar da shi a kan wadda ta taƙaita ga 'yan kalmomin Turanci na ba da umarni. Yaron da ya ƙoshi da harshensa yana da tushen da zai ɗora Larabci da Turanci a kai idan lokaci ya yi.

Abubuwa biyu na kiyayewa

Na farko, gaskiya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir (RA) ta kira shi yana ƙarami da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Mu kuwa sau nawa muke cewa yi shiru in sayo maka alewa, ko ga dodo nan zai kama ka? Duk jadawalin da aka gina, idan yaro ya gane maganar manya ba abin dogaro ba ce, an rushe mafi muhimmancin darasi.

Na biyu, kada a riƙa auna yaro da ɗan maƙwabta. Yara sun bambanta wajen saurin baki da ƙafa. Amma idan ya cika shekara biyu bai fara haɗa kalmomi biyu ba, ko ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, ko ya daina faɗin abin da a da yake faɗa, to a kai shi asibiti a duba jinsa da lafiyarsa, a haɗa da addu'a. Jinkiri a irin wannan ba alheri ba ne.

'Yan uwa, ba kowace rana ce tsarin zai tafi daidai ba. Akwai ranar zazzaɓi, akwai ranar biki, akwai ranar da uwa kanta ta gaji. Idan na hantsi ya kuɓuce, na magariba yana nan, idan yau ta wuce, gobe ma za a kira salla. Ya tabbata daga Nana A'isha (RA) cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma Bahaushe ya ce da yayyafi kogi kan cika. Wanda zai fara, ya ɗauki lokaci guda daga cikin waɗannan ya riƙe shi har mako biyu, sannan ya ƙara wani.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sanya su sanyin idanunmu duniya da lahira, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Allah ne mafi sani.